Garin da Ke Ƙarƙashin Dam

Sadiya, ranar sunan ɗanki na biyu na ji kina gaya wa dangin mijinki wai wani shugaban makaranta ne ya danne mini canjin wurin aiki, shi ya sa kuka tashi a ƙauye alhali sa'o'inku suna cikin birnin Abuja. Ban tanka ba saboda akwai baƙi. Amma maganar ta zauna mini a rai, domin mutumin da kike nufi, Mista Yohana, ya daɗe da rasuwa, ba shi da bakin da zai kare kansa. Babu wanda ya danne ni. An ba ni canjin, ni na mayar da shi da hannuna. Tunda idona bai gama tafiya ba, bari in rubuta muku yadda shekarar nan ta kasance, ke da Faruku da Ummi, don ku san abin da uwarku ta gani har ta ƙi tashi.

Makarantar da nake koyar da Hausa a lokacin kun san ta, sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a ɗan garinmu na bayan Ushafa, a gindin duwatsu. Amma ba ku san ta yadda na same ta ba. Babu katanga, awakin gari har cikin aji suke shiga. Rufin kwano ne, idan ruwan sama ya sauko sai malami ya ajiye alli ya zauna, don ko ihu ya yi babu mai jin sa. Yaran kuwa kamar an tattaro su daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Akwai 'ya'yan Gbagyi masu garin, akwai 'ya'yan Hausawa masu shayi da masu tura ruwa a baro, akwai Tibi da Birom da Ibo waɗanda iyayensu ke sammako zuwa aiki cikin birni. Hausa ce ta haɗa su a filin wasa, amma wata irin Hausa wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Farkon zuwana daga Zariya nakan ji kamar ana soka mini tsinke a kunne, daga baya na saba, har na fara jin daɗinta. Kowace Laraba bayan an tashi akwai zaman ƙungiyoyin ɗalibai. Manoma suna da gonar masara a bayan ofis, 'yan muhawara suna ta da jijiyar wuya a ajin ƙarshe, 'yan jarida su ke karanta labarai a taron safe. Ni kuwa aka ɗora mini ƙungiyar wasan kwaikwayo, ba don na iya ba, sai don babu malamin da ke so. Abin da muka saba yi bai wuce ɗan wasa kan tsafta ko illar shaye-shaye ba, a yi dariya a watse.

A farkon wannan shekara na gaji da irin waɗannan wasanni. Na ce kowa ya je gida ya roƙo labari daga bakin wani babba, mu ga ko za mu samu abin nunawa ranar rabon kyaututtuka a ƙarshen shekara. Yawancinsu tatsuniyoyi suka kawo. Sai wata yarinya 'yar aji biyar mai suna Ladi, 'yar Gbagyi, doguwa mai ƙarancin magana, ta ɗaga hannu.

“Malama, kakana ya ce garinmu na gaskiya yana ƙarƙashin ruwa.”

“Kakata ta ce,” na gyara mata, don na san tsohuwar, Mama Kande mai ginin tukwane. “Wane ruwa kuma?”

“Ruwan dam. Ya ce akwai kasuwa a ciki, akwai gidanmu, akwai kabarin mamansa.”

Wani yaro Batibe mai suna Terna, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya ce, “To su wa ke cin kasuwar yanzu, kifaye?”

Aji ya kwashe da dariya. Ladi ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallonsa har dariyar ta mutu da kanta, Terna ya sunkuyar da kai. Na san dam ɗin mana, kowa ya san daga nan birni ke shan ruwa, na kuma ji cewa an tashi mutane kafin a gina shi, an ba su wurin da muke zaune. Amma na yi shekara da shekaru ina sayen doya a hannun matan garin, ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa tsofaffin nan suna da wani gari a cikin kawunansu wanda ƙafa ba ta iya zuwa ba. Bayan ɗan lokaci Terna ɗin ne ya ɗago.

“Malama, mu yi wannan.”

Abin da ya biyo baya ba ni na tsara shi ba, kuma wannan ne farkon mamakina. Yaran nan da nake fama da su su kawo aikin gida, su suka raba kansu, suka shiga gari ranakun Asabar gida-gida, kowane rukuni da ɗan Gbagyi mai yi musu tafinta. Laraba na yi sai su zo suna rige-rigen magana. Wannan ya ce akwai wata ɗorawa a tsakiyar tsohon garin wadda ake yanke hukunci a gindinta. Wannan ta ce akwai wani faffaɗan dutse mai ramuka inda mata ke niƙa suna waƙa, kowace da raminta da ta gada daga uwarta. Suka kawo labarin ranar da manyan motoci suka zo kwasar kaya, da matar da ta ɗebi toka daga murhunta ta ƙulle a gefen zani, da karnukan da aka yi ta ɗaurewa a sabon gari suna tsinkewa su koma. Suka zana taswirar garin a ƙasa da tsinke, suna gardama kan inda rijiya take, 'yar Ibo tana cewa ɗan Hausa bai ji tsohon da kyau ba. Akwai wani yaro Sabitu, ɗan mai shayin bakin tasha, daga wajen Katsina iyayensa suka zo. Shi ya kawo labarin da ya fi tsaya wa kowa a rai. Wani tsoho ya gaya masa cewa a ranar tashi akwai mutumin da ya ƙi hawa mota, ya ɓalle ƙyauren ɗakinsa ya saɓa a baya, ya tako da ƙafa har sabon gari. Tsohon bai faɗi sunan mutumin ba. Sabitu ya ce shi zai fito a matsayinsa, ya kuma je ya aro wani tsohon ƙyaure a wurin kafinta. Terna suka ba matsayin sarkin gari. 'Yan matan suka koyi ɗaukar kaya a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke yi, suka koyi waƙar niƙa da yaren da ba nasu ba, Ladi tana gyara musu baki kamar yadda nake gyara mata nata.

Muna tsakiyar wannan, a zango na biyu, Mista Yohana ya kira ni ofis. Mutumin Filato ne, mai sanyin hali, kullum da hankici a hannu yana share wuya. Ya ce canjin da babanku ya daɗe yana nema mini ya fito. Wata babbar makaranta ce a cikin birni, har da gidan malamai. Sharaɗin shi ne in je in kama aiki nan take, in ba haka ba akwai masu jira.

“Na taya ki murna, Malama,” in ji shi. “Kin cancanta.”

“Na gode, Oga. To wasan yaran fa?”

Ya daɗe yana naɗe hankicinsa kafin ya amsa.

“Ba zan ɓoye miki ba. Maganar ƙasa a garin nan kamar garwashi take. Za a gayyaci sarki, za a gayyaci manya daga birni. Idan kina nan, ke kika san abin da ke cikin wasan, ke za ki tsaya a kansa, ni kuma in tsaya a bayanki. Idan kin tafi, babu malamin da zai ɗauka, na tambaye su. Sai dai yaran su yi mana rawar gargajiya. Amma kada wannan ya hana ki tafiya. Kina da iyali.”

Kun ji duk abin da bawan Allahn nan ya faɗa. Bai ƙara ba, bai rage ba.

Ku tuna yadda gidanmu yake a lokacin. Babanku yana aiki a wata ma'aikata cikin birni. Da ya idar da sallar asuba zai hau acaɓa zuwa bakin titi, ya shiga mota zuwa Kubwa, ya bi layin bas, wani lokaci a tsaye zai tafi har ofis. Ba ya dawowa sai bayan magariba, takalmansa sun yi fari. Da na faɗi labarin muna cin tuwo, sai da ya ajiye lomar da ke hannunsa ya ɗaga hannu sama yana hamdala. Ke Sadiya kika tashi kina tsalle kina cewa za ki riƙa kallon talabijin ba a ɗauke wuta. Faruku ya tambaya ko a birni akwai filin ƙwallo mai ciyawa. Ummi ba a ma haife ki ba. Inna, mahaifiyata, da ke zaune tare da mu, ita ce ta lura ban ci abincin kirki ba.

“Ke, mene ne? An ba ki abin da ake nema kin zauna kamar an yi miki rasuwa.”

Na ba su labarin wasan, da abin da shugaban makaranta ya ce.

“Wasan kwaikwayo?” in ji Inna. “Saboda wasan yara za ki tsaya kina tunani? Dubi mijinki. Dubi ƙafafunsa. Yaran nan da iyayensu, ba ke kika haife su ba. Naki ga su nan a gabanki.”

Babanku bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Cewa ya yi, “Maman Sadiya, na shiga ofisoshin da ban san adadinsu ba a kan maganar nan. Na gaishe da yaran da na girme su. Ki yi tunani da kyau.”

Na ce zan yi. Kuma gaskiyar magana, a daren da safiyar na riga na yanke cewa tafiya zan yi. Inna tana da gaskiya. Na shiga makaranta ranar Laraba da niyyar in gaya wa yaran bayan an gama gwaji.

A ƙarƙashin mangwaron bayan azuzuwa muke gwaji. Da na isa sai na tarar da Mama Kande zaune a kan wani kututture, da sandarta. Ladi ta ce tsohuwar ce ta matsa sai ta zo ta ga abin da ake ta tambayar mutane a kai. Na gaishe ta, ta amsa da 'yar Hausarta, muka fara. Ta kalli wurin kasuwa. Ta kalli 'yan mata suna niƙa, ta ɗan yi murmushi. Sai aka zo wurin tashi. Sabitu ya fito daga bayan bishiya da ƙyaure a bayansa, ya duƙa, yana tafiya a hankali. Ban ga lokacin da tsohuwar ta miƙe ba. Ji kawai na yi ta kira wani suna da ƙarfi, sunan da babu wanda ya sani a cikinmu. Sandarta ta faɗi. Sabitu ya daskare a inda yake. Ta tako ba sanda har gabansa, tana magana da Gbagyi da sauri, Ladi na biye da ita tana fassara mini.

“Malama, ya ce mijinsa ne. Kakana namiji. Ya ce shi ne ya ɗauki ƙofa.”

“Ba ki sani ba?”

“Bai taɓa faɗa mana ba. Ko babana bai sani ba.”

Mama Kande ta kama gefen ƙyauren ta ɗan ɗaga shi sama a bayan yaron, ta gyara masa hannu. Sannan ta ce ba haka kawai mijin nata ya tafi ba. Ta ce da ya yi ɗan nisa sai ya tsaya, ya juyo, ya koma bakin ɗakin, ya miƙa hannu zai ja ƙofa ya rufe kamar yadda ya saba kullum in zai fita gona. Sai hannunsa ya kama iska. Ya tsaya yana kallon hannun, ƙofar tana bayansa. Ta ce ita tana cikin mota da goyo, tana kallonsa, kuma tun daga ranar har ya mutu ba su taɓa yin maganar ba. Sabitu, yaron da aka haifa a rumfar shayi, wanda bai san kalmar Gbagyi ba sai ta gaisuwa, ya koma bayan bishiya ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Ya sake fitowa. Ya yi nisa, ya tsaya, ya juyo, ya miƙa hannu. Wallahi 'ya'yana, na ga mutane da yawa a rayuwata, na je aikin hajji na ga taron da ba ya ƙirguwa, amma tsigar jikina ba ta taɓa tashi kamar a gindin mangwaron nan ba. Yaron ya kalli tafin hannunsa, fuskarsa ta zama ta wani dattijo da bai taɓa gani ba. Tsohuwar ta sa hannu biyu ta shafa kumatunsa, ta ce da Hausa, “Haka. Haka ne.” Babu wanda ya motsa. Terna mai surutu yana tsaye da rawanin sarki a hannu, hawaye na bin fuskarsa bai ma sani ba.

Ban gaya wa yaran komai ba ranar. Na koma gida na jira babanku ya ci abinci ya huta, na zauna kusa da shi a tabarma na ba shi labarin kamar yadda na ba ku yanzu. Na ce masa ban san sunan abin da yaran nan suka taɓo ba, amma ya fi ni girma, kuma ba zan iya zama wadda za ta sa a rufe shi ba. Na ce idan ya ce in tafi, zan tafi, ba zan kuma riƙe shi a rai ba. Ya daɗe yana jan carbi.

“Kin san ba za a sake ba ki ba.”

“Na sani, Malam.”

“Kin san ni zan ci gaba da bin hanyar nan.”

Ya tashi ya shiga ɗaki. Da safe, yana ɗaure igiyar takalmi, bai kalle ni ba ya ce, “Ki je ki gaya wa Oganku kina nan.” Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Ke Sadiya kika yi kuka har kika ƙi cin abinci, kuma ina jin a nan ne wani ya ce miki shugaban makaranta ne ya hana, don a lallashe ki. Yadda babanku ya faɗa haka aka yi. Ba a sake ba ni ba, a makarantar nan na yi ritaya. Shi kuma ya bi layin bas na Kubwa har ƙarshen aikinsa, kuna barci ya fita, kuna gyangyaɗi ya dawo. Ciwon gwiwar da ya zaunar da shi a ƙarshen rayuwarsa, har sallah sai a kujera, ban taɓa raba shi da wannan hanya ba. Shi ya biya mafi yawan abin da na zaɓa, kuma bai taɓa goranta mini ba ko da wasa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ranar rabon kyaututtuka ta faɗo a tsakiyar damina, amma gari ya waye tas. Aka kafa rumfuna a filin ƙwallo, aka haɗa teburan aji aka yi dandamali. Mun saba iyaye kaɗan ke zuwa, su karɓi sakamako su tafi. Ranar kuwa tun hantsi muka ga tsofaffi suna gangarowa daga cikin gari, wasu da sanda, wasu jikoki na riƙe da su, har da wani makaho da aka ɗauko a baro. Kujeru suka ƙare, aka fito da bencina, su ma suka ƙare, mutane suka zauna a ciyawa. Masu shayi da masu tura ruwa sun rufe sana'a sun zo ganin ɗansu Sabitu. Sarkin gari yana gaba da baƙin birni. Mista Yohana ya matso kusa da ni, hankicinsa ya jiƙe sharkaf.

“Malama, Allah dai Ya sa mu gama lafiya.”

Da farko dariya aka yi ta yi. Terna ya fito da tafiyar sarauta, yana yanke hukunci kan akuyar da ta ci doya, da Gbagyinsa mai ƙamshin Tibi, tsofaffi har suna riƙe ciki. Aka yi kasuwa, aka yi biki. Da 'yan mata suka durƙusa suna niƙa, na ji wata tsohuwa a bayana tana bin waƙar ƙasa-ƙasa. Sai ɗan saƙo ya zo da labarin tashi, filin ya yi tsit. Yaran ba su zagi kowa ba, ba su ɗora wa kowa laifi ba. Sun nuna dai mutane suna ɗaure kaya, mace tana ƙulle toka, dattijo yana durƙusawa a gaban kabari yana sallama. Sabitu ya fito da ƙyaurensa. Da ya miƙa hannu ya kama iska, wani sauti ya fito daga cikin taron, ba kuka ba ne, ba kuma magana ba, kamar mutane da yawa sun saki numfashi lokaci guda. Daga nan sai ruwa. Wannan dabarar yaran ce, ni ma sai a gwajin ƙarshe na gan ta. Sun bi gidaje sun aro duk wani shuɗin zani da ke garin, suka ɗinke su wuri guda. 'Yan aji ɗaya suka shiga ƙarƙashi suna rarrafe, zanin yana tashi yana sauka, yana matsowa a hankali. Ya ci dutsen niƙa, ya ci rumfunan kasuwa, ya hau ɗorawar da suka yi da reshe, har babu abin da ya rage a dandamali sai shuɗi yana motsi.

A nan wasan ya kamata ya ƙare. Ladi za ta rera baiti ɗaya na waƙar niƙa, a tafa, a sauka. Ta fara, ita kaɗai, a gefen ruwan. Kafin ta kai ƙarshen baitin sai Mama Kande ta amsa daga cikin taro. Wata ta amsa, wata ta amsa. Tsofaffin mata suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka ɗauki waƙar suka wuce da ita inda yaran ba su sani ba, baitocin da ba wanda ya koya mana, waɗanda aka ce ba a rera su ba tun da aka bar dutsen. Muryoyi ne da suka tsufa, suna karkarwa, amma sun cika filin har suna dawowa daga jikin duwatsu. Da suka sauke, makahon nan na cikin baro ya ɗaga murya ya kira sunan wani gida na tsohon gari. Daga can baya wasu suka amsa. Ya kira wani, aka amsa daga wani gefen. Haka ya bi garin gida-gida daga ka, daga gabas har bakin rafi, jikoki suna amsa sunan gidajen da ba su taɓa gani ba. Akwai sunayen da ya kira aka yi shiru. Sai ya ɗan jira, ya wuce. Sarki ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Baƙin birni sun manta da jawabinsu. 'Yan aji ɗaya suna ƙarƙashin zani har lokacin, cikin zafi, ba wanda ya ce su tsaya, amma ba su daina motsa ruwan ba sai da makahon ya gama. Na waiga ina neman inda zan ɓoye fuskata, sai na hango babanku a can ƙarshen fili, tsaye da jakar ofis a hannu. Ashe ya nemi izini ya dawo. Bai ɗaga mini hannu ba. Idonsa na kan dandamali.

Babu rigimar da ta tashi. Sarki ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya ya sa musu albarka, ya riƙe hannun Terna yana kiransa abokin sarauta. Mahaifin Sabitu ya yi ta zagaye fili yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ɗansa ne mai ƙofar.

Da aka yi hutu, Mama Kande ta aiko Ladi ta ce tana so a kai ta kan dutsen da ake hango dam. Ta ce tun da aka tashe su ba ta taɓa yarda ta kalli ruwan ba. Muka tafi wata Asabar da safe, ni da 'yan ƙungiyar. Inda hanya ta yi tsayi, Terna da Sabitu suka ɗora ta a kujerar aji suka ɗauka, suna haki, tana yi musu faɗa su bi a hankali. A saman dutsen suka sauke ta. Ruwan yana shimfiɗe a ƙasa, faɗinsa ya wuce yadda nake zato, lumui, duwatsu sun kewaye shi, gajimare na tafiya a cikinsa. Ta daɗe tana dubawa, tana auna wani tsauni da wani da sandarta. Sannan ta nuna wani wuri a tsakiya, inda babu komai sai hasken rana, ta gyara zama, ta fara gaisuwa. Ba sai an fassara mini ba, gaisuwar 'ya ce ga uwarta. Ta tambaye ta kwana, ta ba ta labarin wanda aka haifa da wanda ya tafi, ta kama hannun Ladi ta ɗaga ta nuna wa ruwan. Yaran suna tsaye a bayanta. Da ta gama ta share fuska da gefen zani, ta juyo ta dube mu kamar yanzu ta tuna muna nan.

“To, ku ɗauke ni,” ta ce da Hausa. “Mu je gida. Yunwa nake ji.”

Yaran suka fashe da dariya, suka ɗaga kujerar. Muna gangarowa Ladi ta rage tafiya har na iso ta, ta matso kusa da kunnena.

“Malama, tun da aka haife ni, Sabon Wuri yake ce wa garin nan. Yau ne ya fara cewa gida.”

Na buɗe baki zan ce mata “ta fara”, sai na bar ta. Muka bi bayan kujerar.